Hulɗar Ƙwayoyin Garkuwar Jiki da Bakteriya a Cikin Hanji

1.0 Gabatarwa

A Hausar yau da kullum, duk wata halitta da ido ba ya iya gani, matuƙar ta shiga jikin mutum, sunanta "ƙwayar cuta". Haka kuma, masu wayar da kan jama'a a kan kiwon lafiya sun saba kiran fararen ƙwayoyin jini da sunan "sojojin jiki". Idan aka haɗa waɗannan sunaye biyu, abin da ke zuwa a zuciyar mai sauraro shi ne fagen daga: ga mahara a gefe guda, ga masu tsaro a ɗaya gefen. Wannan siffa ta dace da cututtuka irin su kwalara da taifot, amma ba ta dace da abin da ke gudana kullum a cikin hanjin lafiyayyen mutum ba. A can akwai ɗimbin bakteriya da ke zaune tun daga haihuwar mutum har zuwa rasuwarsa, ga kuma tarin ƙwayoyin garkuwa daf da su, amma duk da haka ana zaune lafiya.

A wannan darasi za a yi bayanin yadda wannan zama yake ɗorewa, da abin da kowane ɓangare yake yi wa ɗan'uwansa, da kuma abubuwan da ke kawo lalacewar dangantakar. Sanin wannan ya zama wajibi ga malami, domin gudawa da tamowa da shan magani barkatai matsaloli ne da zai riƙa cin karo da su a tsakanin yaran da aka damƙa masa amana.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambance tsakanin bakteriya masu haddasa cuta da mazauna hanji;
(b) bayyana shamakin da ke tsakanin mazauna hanji da cikin jiki;
(c) kawo manyan ƙwayoyin garkuwar hanji da aikin kowannensu;
(d) bayyana rawar da abinci da nonon uwa da magunguna suke takawa a cikin wannan dangantaka.

3.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar yanki mai rai da aka gina jiki da shi. Ƙwayoyin garkuwa kuwa su ne rukunin ƙwayoyin halitta masu aikin kare jiki, kuma fararen ƙwayoyin jini suna cikinsu. Bakteriya halittu ne masu ƙwayar halitta guda ɗaya tak, ba a ganin su sai da madubin ƙara girma. Wasu daga cikinsu suna haddasa cuta, amma mafi yawansu ba sa yi. A wannan darasi za a kira bakteriya da ke zaune a cikin hanjin lafiyayyen mutum da sunan "mazauna hanji". Kumburi shi ne martanin da garkuwar jiki take mayarwa idan ta ji rauni ko hari, inda jini da ƙwayoyin garkuwa suke taruwa a wurin, a sami zafi da raɗaɗi. Harza kuma ita ce ɓangaren abincin tsirrai da hanjin mutum ba ya iya narkarwa da kansa, kamar wanda ke cikin dusa da ɓawon wake da ganyaye.

4.0 Mazauna Hanji

Tun a shekarar 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, mai suna Antonie van Leeuwenhoek, ya duba dattin haƙoransa da madubin da ya ƙera da kansa, ya ga wasu 'yan halittu suna motsi. A 1885 likitan yara Theodor Escherich ya yi bayanin wata bakteriya da ya samu a kashin jarirai, wadda a yau take ɗauke da sunansa, wato Escherichia coli. A 1899 kuma Henry Tissier, a birnin Faris, ya gano bakteriyar da ta fi yawa a hanjin jarirai masu shan nonon uwa, wadda aka sani yanzu da sunan Bifidobacterium.

An daɗe ana cewa yawan bakteriya a jikin mutum ya ninka na ƙwayoyin halittarsa sau goma. Ƙididdigar da Ron Milo da abokan aikinsa suka buga a 2016 ta gyara wannan magana. Sun nuna cewa namiji mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, alhali ƙwayoyin halittarsa kimanin tiriliyan 30 ne. Nauyin waɗannan bakteriya gaba ɗaya bai wuce kimanin giram 200 ba. Ba su da yawa a tumbi saboda tsananin tsamin ruwansa. Suna ƙaruwa ne a ƙarshen ƙaramin hanji, sannan su yi cincirindo a babban hanji, inda kowane giram guda na abin da ke ciki yake ɗauke da kusan biliyan 100. Kowane mutum yana ɗauke da nau'o'i fiye da ɗari, kuma haɗin na wani ya bambanta da na wani.

Mazauna hanji ba zaman cin banza suke yi ba. Su ne suke narkar da harza, suna samar da bitamin K da wasu daga cikin dangin bitamin B, sannan suna cike gurabe su cinye abincin da baƙin bakteriya masu cuta za su dogara da shi.

5.0 Shamakin Hanji

Faɗin bangon hanjin baligi, idan aka shimfiɗa shi, ya kai kimanin murabba'in mita 30. Abin da ya raba wannan taro na bakteriya da jinin mutum shi ne jeri guda ɗaya tak na ƙwayoyin halitta, waɗanda suke manne da juna ƙam. Jiki yana sabunta wannan jeri duk bayan kwana uku zuwa biyar. Ba zai yiwu bangon ya yi kauri kamar fata ba, domin ta nan ne abinci da ruwa suke shiga jini. Ke nan, dole ne a sami wasu hanyoyin tsaro da za su taimaka masa.

Hanya ta farko ita ce majina. A cikin jerin akwai wasu ƙwayoyi masu siffar kofi da suke fitar da majina mai yauƙi ba dare ba rana. A 2008 masu bincike a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin jagorancin Gunnar Hansson, sun nuna cewa majinar babban hanji hawa biyu ce. Hawa na ciki yana da kauri, ya manne da bango, kuma kusan babu bakteriya a cikinsa. Hawa na waje kuwa sakwa-sakwa ne, a nan ne mazauna hanji suke zaune, har ma wasunsu suna ci daga gare shi.

Hanya ta biyu ita ce sinadarai masu kashe bakteriya. A ƙaramin hanji, inda majina ba ta da kauri, akwai ƙwayoyin Paneth, waɗanda aka laƙaba wa sunan Joseph Paneth da ya yi bayaninsu a 1888. Su da sauran ƙwayoyin bango suna feso sinadarai da ke huda duk bakteriyar da ta matso kusa. Ta haka ake samun ɗan fili mai tsabta tsakanin bango da taron mazauna hanji.

6.0 Ƙwayoyin Garkuwar Hanji

A bayan wannan bango ne ake samun taro mafi girma na ƙwayoyin garkuwa a jikin mutum. Guda huɗu daga cikinsu sun fi muhimmanci ga wannan darasi.

6.1 Ƙwayoyin Haɗiya

A 1882 masanin halittu Élie Metchnikoff ya soka ƙayar fure a jikin tsutsar wata dabbar teku a garin Messina na ƙasar Italiya, ya ga wasu ƙwayoyi sun taru sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ya gane cewa akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne haɗiye baƙin abubuwa, kuma wannan bincike ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich. Manyan ƙwayoyin haɗiya, waɗanda masana suke kira makarofaj, suna jere a ƙarƙashin bangon hanji. Abin da ya bambanta na hanji da na sauran sassan jiki shi ne, idan bakteriya ta kutso suna haɗiye ta su kashe ba tare da tayar da kumburi ba. Suna kuma kwashe matattun ƙwayoyin bango, su taimaka wajen gyaran inda ya ji rauni.

6.2 Ƙwayoyi Masu Rassa

Waɗannan su ne masu kai rahoto. A bangon ƙaramin hanji akwai wasu ƙulle-ƙulle da wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Conrad Peyer, ya yi bayaninsu a 1677. A saman kowane ƙulli akwai ƙwayoyi na musamman da ke ɗebo samfurin abin da ke cikin hanji su shigo da shi da gangan. Ƙwayoyi masu rassa ne suke karɓa, su kai shi zuwa kaluluwar da ke kusa da hanji, su nuna wa sauran ƙwayoyin garkuwa. Wannan kaluluwa ita ce iyaka. Bakteriyar da aka ɗauko ba ta wuce ta zuwa cikin jini.

6.3 Ƙwayoyin B da Sinadarin IgA

Bayan sun ga samfurin, ƙwayoyin B sukan koma bangon hanji su riƙa sarrafa wani sinadarin kariya mai suna IgA. Baligi yana zuba kimanin giram 3 zuwa 5 na wannan sinadari a cikin hanjinsa kowace rana, fiye da jimillar sauran ire-irensa da jiki yake samarwa. IgA yana lulluɓe bakteriya, ya ɗaure su wuri guda, ya hana su manne wa bango, ya kuma kashe kaifin dafin da wasunsu suke fitarwa. Yana yin duk wannan ba tare da kumburi ba.

6.4 Ƙwayoyin T

Ƙwayoyin T iri-iri ne, amma biyu ne suka fi shafar wannan batu. Na farko su ne waɗanda ake kira Th17, masu zaburar da bango ya ƙara fitar da sinadaran kashe bakteriya, masu kuma kiran taimako idan hari ya zo. Na biyu su ne ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda Shimon Sakaguchi na ƙasar Japan ya fayyace a 1995. Aikinsu shi ne taka wa sauran ƙwayoyin garkuwa birki, don kada su far wa abinci ko mazauna hanji ko jiki kansa. Saboda bincike a kan waɗannan ƙwayoyi ne aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2025, tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell.

Ɗaya daga cikin sinadaran da ake tsawatarwa da su shi ne IL-10. A 1993 masu bincike a Jamus sun samar da ɓerayen da ba sa iya sarrafa shi, sai aka ga hanjinsu yana kumbura ba tare da wata ƙwayar cuta ta shige su ba. Daga baya da aka raini irin waɗannan ɓeraye a inda babu bakteriya ko ɗaya, sai ba su yi ciwon ba. Wato ke nan, idan babu mai tsawatarwa, garkuwar jiki ce da kanta take far wa mazauna hanji, hanji kuma ya sha wahala a tsakani.

7.0 Abin da Mazauna Hanji Suke Yi wa Garkuwa

Hanyar da ta fi bayyana amfanin abu ita ce a cire shi a ga abin da zai faru. Tun a 1895 masu bincike biyu a birnin Balin, Nuttall da Thierfelder, suka ciro 'ya'yan ɓeran Masar ta hanyar tiyata, suka raine su a cikin rufaffen mazubi da bakteriya ba ta shiga. A tsakiyar ƙarni na 20 aka inganta wannan dabara, har aka iya rainon zuriya bayan zuriya ta ɓeraye a haka. Abin da aka gani shi ne garkuwar hanjinsu ba ta cika ba: ƙulle-ƙullen Peyer ƙanana ne, IgA kaɗan ne, majina ba ta da ƙwari, kuma ƙwayar cuta kaɗan takan kayar da su. Idan aka zuba musu bakteriya daga hanjin lafiyayyen ɓera, cikin 'yan makonni akasarin waɗannan naƙasu sukan gyaru.

Bincike na baya-bayan nan ya nuna yadda hakan take faruwa dalla-dalla. A 2004 Ruslan Medzhitov da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna cewa bangon hanji yana da wasu maɓuɓɓugan ji da yake gane bakteriya da su, kuma wannan ji shi ne yake sa shi gyara kansa. Ɓerayen da aka kashe wa wannan ji, ko aka share musu mazauna hanji da magani, sun fi mutuwa idan aka raunata hanjinsu. A 2005 Sarkis Mazmanian da Dennis Kasper sun gano cewa wani nau'in sukari guda ɗaya da ke jikin bakteriyar Bacteroides fragilis ya isa ya daidaita ƙwayoyin T na ɓerayen da aka raina babu bakteriya. A 2009 aka gano wata bakteriya mai siffar zare da take manne wa bangon ƙaramin hanjin ɓera, wadda take haifar da ƙwayoyin Th17. A 2011 kuma Kenya Honda da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa wani rukuni na dangin Clostridium yana ƙara yawan ƙwayoyin T masu tsawatarwa a babban hanji. Ke nan, wasu mazauna hanji suna wasa wa garkuwa makamai, wasu kuma suna koya mata haƙuri, kuma lafiya tana buƙatar duka biyun.

8.0 Matsayin Harza

Idan harza ta isa babban hanji, bakteriya sukan ruɓar da ita su fitar da wasu sinadarai masu tsami-tsami, mafi shahara a cikinsu shi ne butiret. Wannan sinadari shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon babban hanji. Wajen ƙona shi suna shanye iskar oksijin da ke wurin, sai cikin hanji ya kasance babu iskar. Wannan yanayi ne ya dace da akasarin mazauna hanji na gari, domin oksijin yana kashe su, alhali bakteriya irin su Salmonella sun fi bunƙasa idan akwai shi. Bugu da ƙari, a 2013 rukunonin bincike uku daban-daban a Amurka da Japan sun nuna cewa waɗannan sinadarai suna ƙara yawan ƙwayoyin T masu tsawatarwa. Wannan shi ne ainihin zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: mutum ya ci harza, bakteriya su ciyar da bango, bango ya tanadar musu mazaunin da ya dace da su, garkuwa kuma ta kwantar da hankalinta.

Idan harza ta yi ƙaranci, lamarin yakan juye. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa ɓerayen da aka hana wa harza, bakteriyar cikinsu sun koma cin majinar hanji har ta yi siriri, ƙwayar cuta kuma ta sami saukin isa ga bango. A ɓangaren mutane kuwa, a 2010 an kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na ƙasar Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganyaye, da yaran birnin Florence na Italiya. An tarar yaran ƙauyen sun fi yawan nau'o'in bakteriya, musamman masu narkar da harza irin su Prevotella, kuma sinadaran da ake samu daga harza sun fi yawa a kashinsu. Irin wannan abinci shi ne na gargajiya a ƙasar Hausa: tuwon dawa da na gero, da ɗanwake, da miyar kuka da ta kuɓewa, da kwaɗon zogale da na rama.

Dangane da abinci mai tsami, Metchnikoff ne a 1907 ya yaɗa ra'ayin cewa shan nono mai tsami yana gyara hanji. A 2021 wani gwaji a Jami'ar Stanford ya nuna cewa manya da suka ƙara cin irin wannan abinci na tsawon mako 10 sun sami ƙarin nau'o'in mazauna hanji, alamun kumburi a jininsu kuma sun ragu. Sai dai ya kamata a lura da abu biyu. Na ɗaya, koko da daddawa suna bi ta wuta bayan sun yi tsami, don haka ba lalle ba ne bakteriyar cikinsu ta isa hanji da rai. Na biyu, nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauko cututtuka daga dabba, irin su tarin fuka. Kindirmon da aka tafasa madararsa kafin a kwantar, aka kuma kiyaye tsabtarsa, shi ya fi aminci.

9.0 Farkon Rayuwa

Jariri yana samun mazauna hanjinsa na farko ne daga mahaifiyarsa a lokacin haihuwa da shayarwa. A cikin nonon uwa akwai wasu nau'o'in sukari na musamman, masu yawan gaske, waɗanda jariri ba ya iya narkarwa. Abincin Bifidobacterium ne, ita kuma sai ta mamaye hanjin jariri ta sa shi tsami, yadda ƙwayoyin cuta ba za su ji daɗin zama ba. Haka kuma, tun da jariri bai fara sarrafa isasshen IgA na kansa ba, na mahaifiyarsa ne yake kare shi, kuma ya fi yawa a cikin dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya. Saboda haka al'adar matse dakashi a zubar, da ake yi a wasu wurare, tana raba jariri da kariyarsa ta farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa jariri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa, a shayar da shi nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba tare da sauran abinci har shekara 2 ko fiye. Sai yaro ya kai kimanin shekara 3 mazauna hanjinsa suke kama da na manya.

10.0 Lalacewar Dangantaka

10.1 Shan Antibayotik Barkatai

Magungunan antibayotik sun ceci rayukan da ba sa ƙirguwa, amma ba sa bambance maƙiyi da mazaunin gida. A 1954 Marjorie Bohnhoff da abokan aikinta a Jami'ar Chicago sun nuna cewa ana buƙatar ƙwayoyin Salmonella kimanin 100,000 kafin su kama lafiyayyen ɓera, amma bayan an ba shi maganin sitireftomaisin, ƙasa da 10 sun isa. A 2018 an ba wasu lafiyayyun maza 12 a ƙasar Denmak haɗin antibayotik uku na kwana 4. Akasarin mazauna hanjinsu sun dawo cikin wata ɗaya da rabi, amma wasu nau'o'i ba su dawo ba har bayan wata 6.

Misali mafi muni shi ne na bakteriyar Clostridioides difficile, wadda takan mamaye hanji bayan magani ya share mazaunansa, ta haddasa gudawa mai kisa. A 2013 likitoci a birnin Amsterdam sun gwada dasa wa marasa lafiya mazauna hanji daga lafiyayyun mutane. Mutum 13 cikin 16 sun warke a karon farko, alhali a cikin 13 da aka ba maganin da aka saba bayarwa, 4 ne kawai suka warke. Wannan aiki ne na asibiti da ake yi bayan tantance mai bayarwa sosai.

10.2 Tamowa da Ƙazantar Muhalli

Yaron da yake yawan haɗiyar ƙwayoyin cuta ta ruwa da ƙasa da abinci, hanjinsa yakan kasance cikin kumburi na dindindin ko da ba ya gudawa. Bangon yakan lalace, abinci ba ya shiga jini yadda ya kamata, girma kuma ya tsaya. A wani bincike da Jeffrey Gordon da abokan aikinsa suka buga a 2013, an bi diddigin tagwaye 317 a ƙasar Malawi. An sami gidajen da ɗaya daga cikin tagwayen ya kamu da kwashoko, ɗayan kuma bai kamu ba, alhali abinci ɗaya suke ci. Da aka dasa mazauna hanjin masu ciwon a cikin ɓerayen da babu bakteriya, aka ciyar da su irin abincin yankin, sai ɓerayen suka rame. A 2021 kuma an gwada wani abinci a ƙasar Bangaladesh da aka haɗa da gyaɗa da waken suya da ɗanyar ayaba da wani nau'in wake, don ya ciyar da mazauna hanji na gari. Yaran da suka ci shi na wata 3 sun fi ƙara nauyi a kan waɗanda aka ba abincin tamowa da aka saba, ko da yake nasu bai kai wancan ƙarfin kuzari ba.

10.3 Ciwon Kumburin Hanji

Akwai cututtukan da garkuwa take far wa mazauna hanji ba ƙaƙƙautawa, kamar wanda Burrill Crohn ya yi bayaninsa a 1932. A 2001 aka gano cewa tangarɗa a wata ƙwayar gado mai suna NOD2, wadda aikinta shi ne gane bakteriya, tana ƙara haɗarin kamuwa da shi. Alamunsa sun haɗa da gudawa mai daɗewa da ciwon ciki da rama, wani lokaci har da jini a kashi.

11.0 Abin Lura ga Malami

Na farko, ya kamata malami ya kiyaye kalmominsa. "Bakteriya" suna ne na gama-gari, "ƙwayar cuta" kuwa a keɓe ta ga masu haddasa ciwo. Idan zai ba da misali, garin da ke da ganuwa ya fi fagen daga dacewa: akwai ganuwa da ƙofofi da dogarai, akwai kuma mutanen zango da suke zaune a waje, ana ciniki da su, an san su sun san iyakarsu.

Na biyu, sanin amfanin mazauna hanji ba ya rage muhimmancin tsabta. Wanke hannu da sabulu bayan kewayawa da kafin cin abinci, da tsabtataccen ruwan sha, da masai mai kyau a makaranta, su ne suke tare ƙwayoyin cutar da ke wargaza zaman lafiyar hanji.

Na uku, yawancin gudawar ƙananan yara bairos ne yake kawo ta, musamman wanda ake kira rota, kuma antibayotik ba ya kashe bairos. Nijeriya ta sanya rigakafinsa cikin jadawalin rigakafin jarirai a 2022. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da shi tun 2004 shi ne ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, tare da ci gaba da shayarwa da ciyarwa. Sayen kafso a kemis ko a hannun masu talla ba tare da umurnin likita ba yana iya ƙara dagula lamarin. Amma idan aka ga jini a kashi, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ba tsayawa, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, to a garzaya da shi asibiti. Idan kuma likita ya rubuta antibayotik, a sha shi daidai yadda ya umurta.

12.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa lafiyar hanji ta dogara ne a kan daidaito tsakanin ɓangarori biyu. Garkuwar jiki tana tsare mazauna hanji a muhallinsu ta hanyar majina da sinadaran bango da IgA da ƙwayoyin haɗiya, tana kuma danne fushinta ta hanyar ƙwayoyin T masu tsawatarwa. Su kuma mazauna hanji suna gina garkuwar tun daga jarinta, suna ciyar da bango, suna hana baƙi samun wurin zama. Yawancin bayanan yadda abin yake aiki an samo su ne daga gwaji a kan ɓeraye, amma binciken da aka yi a kan mutane ya ƙarfafa manyan darussansa. Nonon uwa da abinci mai harza da tsabta da kiyaye dokar shan magani su ne abubuwan da ke hannun iyaye da malamai.

13.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa bai dace a kira kowace bakteriya da sunan "ƙwayar cuta" ba?
2. Yi bayanin hawa biyu na majinar babban hanji da amfanin kowane.
3. Kawo ƙwayoyin garkuwar hanji guda huɗu tare da aikin kowannensu.
4. Wane darasi aka koya daga ɓerayen da aka raina babu bakteriya?
5. Bi diddigin harza daga bakin mutum har zuwa tasirinta a kan ƙwayoyin T.
6. Tsara darasi na minti 30 ga 'yan aji 6 na firamare a kan abin da ya kamata a yi idan ƙaramin yaro ya kamu da gudawa.